Rabon Tururuwa

Ranar Asabar a wajen sunan jaririyar Maman Ilham, wata 'yar masters ta karɓi wayata tana duba hotunan aikina. Ta ja hoto ɗaya da yatsa, ta ja na biyu, ta ɗago ta ce, "Maman Khalifa, wannan ai just rice ne lah! Ki ɗauke mu aiki this Deepavali mana, weekend ɗaya mun iya." Ƙawayenta suka ce wallahi kuwa, su ma a sa da su. Bakina cike yake da waina, shi ya cece ta. Amma maganar ta biyo ni har cikin jirgin ƙasa, ta sauka tare da ni a unguwarmu Sentul, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku. Tunda ku ba kwa jin magana sai a waya, to ga ta nan a waya.

Ga wanda bai san garin ba, Deepavali bikin fitilu ne na Indiyawa. Yana faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da ruwan la'asar ba ya fashi a Kuala Lumpur. Hindu na yi, Sikh masu rawani na yi, akwai kuma wasu 'yan tsiraru da ake kira Jain, kowa da dalilinsa. Abin da ya haɗa su shi ne a share gida, a ɗinka sabon kaya, a soya kayan ƙwalama, a jera ƙananan fitilun yumɓu, sannan a yi zane a ƙasa a bakin ƙofa da garin shinkafa ko shinkafa mai kala. Zanen nan shi ake kira kolam, kuma shi ne sana'ata yau shekara goma sha uku. Da na fara jin ƙamshin man riɗi da turarensu a matattakalar benenmu, sai ku ga ina rawar jiki kamar ni ce da bikin. Ina son lokacin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Ni maigida na biyo garin nan, lokacin da ya samu tallafin karatun digiri na uku. Muka kama gida a Sentul, hawa na tara, a wani dogon bene da rabin mutanensa jikokin Indiyawan da suka yi aikin jirgin ƙasa ne. Shi ya tafi makaranta, ni in wuni ina ɗinkin hula ina kallon bango. A Zariya gidan masu zanen riga na tashi. Kakana shi ke zana aska takwas da dagi a jikin shadda kafin masu allura su hau, kuma tun ina ƙarama nake kwaikwayonsa da tsinke a ƙasa. Ƙofarmu a Sentul tana kallon ta wata dattijuwa, Anti Devi. Kullum da sassafe sai ta goge bakin ƙofarta da ruwa, ta sunkuya da wata 'yar tasar tagulla a hannu, kafin in gama ɗora ruwan shayi ta zana abinta ta shige. Wata safiya na leƙo, sai na ga dagi. Dagi sak, irin na kakana, layi yana zagaye ɗigo yana shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa yana fita. Na ruga ɗaki na ɗauko hular da nake ɗinkawa na miƙa mata. Ta dubi hula, ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta tuntsire da dariya. Da guntun Malay ɗina da guntun Turancinta ta ce, "Gobe ki fito. Boleh?" Na ce boleh, wato zan iya.

Wata uku ina ɗiga ɗigo. Ku da kuka ce weekend ɗaya, ku sake karanta wannan layin. Ɗigo kawai, jeri bakwai bakwai, tazararsu ɗaya, babu abin awo sai ido. Ana ɗibar garin tsakanin babban yatsa da manuniya, a murza a hankali ya zubo siriri, hannu ba ya taɓa ƙasa. Ba a durƙusawa, daga ƙugu ake sunkuyawa, ƙafa a miƙe. Satin farko ko ruku'u na yi sai bayana ya yi ƙara. Idan na matse yatsa gari ya ƙi zuba, idan na sassauta ya zubo tuli guda. Anti Devi tana tsaye a kaina da tsinken tsintsiya, ɗigo ya karkace ta ɗan ɗana min a bayan hannu ta ce, "Ajara, sake." Ba ta iya faɗin Hajara ba har yau. Da na wuce ɗigo aka shiga layi, shi kuma dokarsa ɗaya ce: ya zagaye kowane ɗigo ya koma inda ya taso, ya haɗe yadda mai kallo ba zai gane mafarinsa ba. Na tambayi maigida hukuncin abin tun da wuri, muka tsaya a kan cewa fure da fitila da layi zan riƙa zanawa, siffar abin bautarsu kuwa nasu ne. Anti Devi ba ta taɓa cewa in zana ba. A shekarata ta uku ta miƙo min tasar tagullar nan ta ce ta mahaifiyarta ce, in riƙe. Ran nan da ƙyar ƙofar gidanmu ta ishe ni shiga saboda fankama.

Na bakin ƙofa na kullum ke nan. Na biki kuwa wani aiki ne daban, kuma daga kasuwar Chow Kit yake farawa. Can nake sayen tsakin shinkafa, wato karyayya, don doguwa ba ta kwanciya, mirginawa take yi ta ɓata gefen zane. A tankaɗe, a raba ƙanana da manya, a zuba a roba, a sa kala da ɗan ruwa, a cuɗa da hannu har kowace ƙwaya ta ɗauka. Sai shanya. Nan ne ake gane mai sana'a, don rana a watan Oktoba ba ta da alkawari. Ka shanya a baranda ƙarfe biyu, ƙarfe uku hadari ya haɗo. Falona gaba ɗaya sai ya koma wurin shanya, tsofaffin zannuwa a shimfiɗe, fanka uku suna bugawa, yara suna tsallake ja su faɗa kore. Shinkafar da ba ta bushe sarai ba kwana biyu ta yi fumfuna, ta canza kala, ta yi wari a tsakiyar otal ɗin mutane. Sauran kayan aiki ba su da yawa: alli, zare da ƙusa na fitar da da'ira, mazurarin kwali da nake naɗawa da kaina, cokalin shayi, guntun kwali mai kaifi na gyara gefe, burushi mai laushi, da tsumman ɗaure gwiwa. Duk jaka ɗaya ke ɗauke su, amma kowanne sai ka shekara kafin ya san hannunka.

Masu ba da aiki kuwa, Allah ya yi su kala-kala kamar shinkafar. Akwai manajan otal da zai ce yana son ɗawisu mai tsawon mota biyu, ya kuma ƙi kashe fankar sama, kina zuba shuɗi yana tashi yana sauka a kan rawaya. Akwai uwargidan da za ta zaɓi zane a waya, a gama tsaf, ta ce ai na maƙwabciyarta ya fi girma. Akwai wani dattijon Sikh mai shagon taya da kowace shekara fitila ɗaya tak yake so a zana masa, amma ba zai bar ki ki tafi ba sai kin yi makan, wato kin ci abinci, ya cika miki jaka da alewar madara. Ga yara masu gudu, ga masu ɗaukar hoto da baya da baya. Sati biyun nan kafin biki ba na sanin inda kaina yake. Titi ya cika da fitilu, kiɗa na tashi daga kowane kedai, wato shago, mata na ciniki a kan furanni, ni ina ratsawa da buhu a kafaɗa, yatsuna bakwai kala bakwai, ina jin kamar garin nawa ne.

Wani aiki a harabar wani kondo, irin dogon benen nan na masu hali, shi ya jawo min abin da zan ba ku labari. Shekarata ta huɗu ce. Ni da Anti Devi muka wuni muna zana furen bado mai faɗi. Washegari manajan ya kira yana faɗa, wai tururuwa ta cinye gefe guda, zanen ya zama kamar ɓera ya gutsuri waina. Muka je muka gyara. Ina ta huci, ita kuwa tana murmushi tana cewa, "Bar su, Ajara, bar su." Na ɗauka sanyin hali ne irin na tsufa. Ni 'yar gidan da in aka ga layin kiyashi a tsakar gida sai an tambayi wace ƙazamar ce ta yi shara. Innata toka take barbaɗa musu, in sun yi taurin kai ta kawo kalanzir. A wurinmu macen da ta bar tururuwa a bakin ƙofarta ba ta iya gida ba. Don haka na shiga wani kedai na sayi garin maganin ƙwari, fari tas, ba ka bambanta shi da garin shinkafa. Na fara zagaye manyan zanenmu da shi a ɓoye, siririn layi a can waje. Manajoji suka daina kira. Na riƙa yaba wa kaina, ina cewa na kawo wa sana'ar ci gaba.

Idan na ce muguwar shekara, za ku zaci shekarar kullen korona nake nufi. Waccan kowa ta taɓa, ba abin faɗa ba ce. Tawa muguwar shekarar da hannuna na haɗa ta.

Gwiwar Anti Devi ta kumbura ana saura sati ɗaya biki, likita ya hana ta sunkuyo. Akwai wani gida a unguwar Titiwangsa, bayan tafki, gidan wasu Jain masu sayar da yadi. Mahaifiyar Anti Devi ce ta fara zana musu ƙofa, ita ta gada, shekara arba'in ba a taɓa ba wani ba. A duk gidajen da take wa aiki babu wanda take ji da shi kamar wannan. Ta kira ni ta ce, "Ke za ki je, ke kaɗai. Kada ki shiga da nama ko da a tapau ne, ƙunshin abincinki. Kada ki ɗauki jakar fata. Ki gaishe da Madam Kokila da hannu biyu." Madam Kokila ita ce tsohuwar gidan. Na kiyaye duk abin da aka ce. Na ga tsohuwar tana share dandamali da wani burushi mai laushi, a hankali, tana duba ƙasa kafin ta taka. Na ga tana tace ruwan sha da ƙyalle. Na ji an ce ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana, kuma a gidan ba a fasa nokawut ko da na yara. Duk na gani da idona, na ce a raina kai, tsohuwar nan akwai tsafta.

Zanen da na yi ranar, har yau ban yi wanda ya fi shi ba. Bado mai ganye goma sha shida a tsakiya, gurbin fitilu ashirin da huɗu a kewaye, dagi a kusurwa huɗu. Madam Kokila ta dafa kaina ta ce hannuna hannun Devi ne. Da zan tafi na hango tukwanen furanni a gefen dandamalin, tururuwa na kai da kawowa a ƙarƙashinsu. Na ce ba a gidan nan ba. Na fito da gorar magani na zagaye zanen da shi, na ƙara da layi na biyu don in tabbatar, har na barbaɗa kaɗan a cikin farar shinkafar gefe.

Safiyar biki ƙarfe bakwai na sauka a tashar Titiwangsa da kwalin fitilu, ina sauri in jera su in ga yadda za su zauna. Ina shiga ƙofar gidan na tsaya. Zanena yana nan ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba, amma an yi masa baƙin zobe. Tururuwa ce, ba ta ƙirguwa, duk a mace. Ga tsaka biyu ciki sama. Ga wata gwara a gindin tukunyar fure, ƙafafu a sandare. Madam Kokila tana zaune dirshan a ƙasa cikin farin sari, tana ɗaukar tururuwan ɗaya bayan ɗaya da guntun takarda tana sawa a faranti, hawaye na bin fuskarta. Ɗanta, Mista Nilesh, ya fito ya ce, "Me kika zuba a nan?"

Ku ji wautata. Na zuge jaka na fito da gorar na nuna masa, har da ɗan murmushi. Na ce, "Magani ne, sir, mai kyau. Ka ga ko ɗaya ba ta taɓa zanen ba."

Ya dubi gorar, ya dubi mahaifiyarsa. Sannan ya ce, "Mahaifiyata shekararta saba'in da takwas, ko sauro ba ta taɓa kashewa da saninta ba. A addininmu babu abin da ya kai ɗaukar rai nauyi, komai ƙanƙantarsa. Kwana biyu tana azumi saboda wannan rana, ga abin da ta tarar a ƙofarta." Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ki gaya wa Devi mun gode da shekarun da suka wuce. Ba sai an sake zuwa ba."

Da zagina suka yi da ya fi min sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, ban san yadda na kai tasha ba.

Waya ta riga ni isa Sentul. Gidan Anti Devi cike da baƙi, ana ta ci ana dariya, ta dogara sandarta ta ja ni kicin ta tura ƙofa. Ta ce, "Ajara, shekara huɗu kina tare da ni. Wa kike zaton muke zana wa?"

Na ce, "Masu gida. Da baƙinsu."

"To me ya hana mu yi da fenti? Fenti ai ya fi daɗewa."



Ta ce, "Gari abinci ne. Kafin mutanen gida su ci, tururuwa ta ci, tsuntsu ya ci. Zanen faranti ne kawai. In suka cinye, an karɓa ke nan. Ke kika kira su cin abinci kika sa musu guba." Ta share ido da gefen sarinta ta ce, "Laifina ne. Na ga hannunki ya iya, na zaci kin gane." Sai ta miƙo tafin hannu. Na gane abin da take nufi. Na ciro tasar tagullar daga jaka na ɗora mata.

Da na faɗa wa maigida, cewa ya yi, "Ke ma dai, ko mu ai malamanmu sun hana kashe tururuwa haka siddan." Na ce ya rufa min baki. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi. Labari kuwa ya zaga, don Indiyawan Sentul ba su fi mu riƙe magana ba. Wayata ta yi tsit. Ba na biki, ba na aure, ba na buɗe shago. Wannan bai dame ni kamar ganin ƙofar Anti Devi ba. Gwiwa ta hana ta zane, surukarta tana fita aikin asibiti tun duhu, ƙofar da ban taɓa gani ba ado ba ta zauna fayau. Kuma na san duk sanda ta tuna gidan Titiwangsa, ƙofar uwarta take tunawa, wadda ni na rufe.

Wata safiya bayan na idar da sallar asuba na zuba garin shinkafa zalla a gwangwanin madara, na fita na goge bakin ƙofarta na zana ƙarami. Ina komawa ɗaki na ji ƙarar ruwa. Ta watsa masa bokiti. Washegari na sake, ta sake. Haka muka yi wata biyu cur, ni in zana ita ta wanke, ba mai ce wa wani uffan, maƙwabta suna tsallake ruwa suna kallonmu. Ni ma ai 'yar Zariya ce, ba a fi ni naci ba. Rannan ina sunkuye na ji an buɗe ƙofa a kaina. Na jira ruwa. Sai na ji tsinken tsintsiya a bayan hannuna. Ta ce, "Ɗigon tsakiya ya karkace. Sake." Wallahi ban taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba.

A watannin nan ne na zubar da duk kalar kanti da nake da ita, na koma kicin. Gangamau ya ba ni rawaya. Ganyen pandan da suke sa wa a shinkafa ya ba ni kore. Wani shuɗin fure da Malay ke rina abinci da shi ya ba ni shuɗi, gawayin ɓawon kwakwa ya ba ni baƙi. Ja ne ya wahalar da ni, har ranar da nake dafa zoɓo ya zuba a kan shinkafa. Na yi tsalle a kicin ina ihu, yara suka zaci ƙonewa na yi! Tun daga nan duk ɗalibin da zai dawo daga gida sai na ɗora masa ƙullin zoɓo. Yayyenku sun sha ɗauko min, ku tambaye su.

Da biki ya sake zagayowa Anti Devi ta kira gidan Titiwangsa sau uku. A na ukun Madam Kokila ta karɓa da kanta ta ce mu zo, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Muka shiga tasi ranar bikin da sassafe, Anti da sandarta da kujerar roba, ni da robobi shida. Na jera su a dandamali. Tsohuwar ta fito, ta rame, ta dubi robobin ta ce, "Mene ne a ciki?" Ban tsaya dogon bayani ba. Na ɗebi ja na watsa a baki na tauna. Na ɗebi rawaya, na ɗebi kore, har baƙin gawayin, ɗanyar shinkafa tana ƙaras-ƙaras a haƙorina. Na buɗe baki na nuna mata harshe. Ta ce, "Zana."

Kafin azahar na gama. Bado ne dai, da dagi a kusurwa huɗu. Na miƙe ina jiran magana. Madam Kokila ta ce, "Ba a gama ba. Tun bara baƙina ba su dawo ƙofar nan ba. In sun zo sun ci kafin a kunna fitila, na karɓa. In ba su zo ba, ku share ku tafi."

Muka zauna. Mata uku, biyu a kujera ɗaya a ƙasa, mun zuba wa siminti ido. 'Yan'uwansu na shigowa da kwanukan alewa suna ratsa mu suna mamaki. Ƙarfe biyu, ba komai. Ƙarfe uku, ko kiyashi. Aka ba ni wani ɗaki na yi azahar, na koma na yi la'asar, kuma ni Hajara, 'yar mai kalanzir, na ɗaga hannu na roƙi Allah ya aiko min da tururuwa. Wajen ƙarfe huɗu hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, Allah ya sa dandamalin yana da rufi. Ruwa ya ɗauke, rana ta yi ƙasa, Mista Nilesh ya fito da kwalbar man riɗi ya fara zuba wa fitilu yana gyara lagwani. Anti Devi ta ƙi kallona. Ni kuwa na fara duba inda na ajiye burushin shara.

Sai tsohuwar ta ɗaga yatsa. Daga ƙarƙashin tukunyar fure wata tururuwa ɗaya ta fito. Ta yi gaba, ta tsaya, ta karkata, ta zo bakin dagin kusurwar gabas ta taɓa ƙwaya ɗaya, ta juya ta koma. Na ce shi ke nan, ta tafi. Anti Devi ta damƙe min kafaɗa ta ce in yi shiru. Ba a fi minti biyar ba sai ga su, layi guda baƙi siriri, suna tafe kamar 'yan makaranta. Ta gaba ta ɗaga jar ƙwayar zoɓo da ta fi ta girma, ta rangaji, ta daidaita, ta kama hanya. Ta biyu ta ɗauki rawaya. Nan da nan suka yanke min layin dagin da na sha wahalar haɗewa. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba! Guɗa sosai irin ta gidan biki, a tsakiyar Titiwangsa, har kare ya amsa daga maƙwabta. Madam Kokila tana dariya tana kuka, ta ɗauko alewa ta tura min a baki da hannunta, ta ce wa ɗanta ya kunna fitilu amma ya bi ta ɗaya gefen, kada ya tare wa baƙi hanya.

Fitilu ashirin da huɗu suka kama, hasken yana rawa a kan shinkafar, tururuwa na ta jigila a tsakaninsu. Anti Devi ta buɗe jakarta ta ciro tasar tagulla ta ɗora min a cinya. Na ce, "Anti, tun safe tana jakarki?" Ta ce, "Tun safe. Da ba su ci ba, da na koma da ita."

Madam Kokila ta rasu shekara uku da suka wuce. Har yanzu ni ke zana ƙofar, kuma har yanzu Mista Nilesh ba ya kunna fitila sai an fara ɗiba.

To, 'yan weekend ɗaya, mai so ta zo ranar Asabar ƙarfe shida na safe, Sentul, hawa na tara. Kada ki sha shayi ki cika ciki, akwai ɗanyar shinkafa kala shida da za ki tauna kafin in ba ki gari. In kin iso kuma ki duba ƙasa kafin ki taka bakin ƙofata, akwai masu karin kumallo.